Daga Rufi Zuwa Murhu: Tsimin Makamashi A Gidajenmu Da Amfaninsa Ga Muhalli

1. Gabatarwa

 

Batun da aka ɗora mini shi ne tsimin makamashi a cikin gida, da yadda wannan tsimi yake taimakawa wajen kiyaye muhalli. Kafin mu kutsa ciki, ya kamata mu daidaita a kan ma'anar kalmomi biyu. Makamashi dai, a asalin Hausa, shi ne abin da ake hura wuta da shi, kamar itace da kara da kashin shanu. Amma a yau an faɗaɗa kalmar, ta haɗa da gawayi da kananzir da gas da fetur da wutar lantarki, watau duk abin da ake ƙonawa ko ake ja domin a sami zafi, ko sanyi, ko haske, ko motsi. Tsimi kuwa, ba rowa ake nufi da shi a nan ba. Mutumin da ya kashe fitila ya zauna cikin duhu, haƙuri ya yi. Wanda ya sami hasken da ya saba samu, amma da kashi ɗaya bisa shida na wutar da yake ja a da, shi ne ya yi tsimi.

Abin da nake so in tabbatar a wannan lacca shi ne, babban kaso na makamashin da gidajenmu suke saye ba ya yin aikin da aka saye shi dominsa. Tsiyayewa yake yi ta rufin ɗaki, da gefen tukunya, da ƙwan fitila. Wanda randarsa take yoyo kuwa, liƙe ta ya fi masa sauƙi a kan ya ƙara ɗaukar ɗan garuwa.

2. Ina Ruwan Gida Da Muhalli?

A shekarar 1973 an yi abubuwa biyu waɗanda suka shafi batunmu. Na farko, ƙasashen Larabawa masu arzikin man fetur sun taƙaita sayar da shi ga Amurka da waɗansu ƙasashen Turai, farashinsa ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni. Daga nan ne Turawa suka farga, suka shiga yin dokokin gini waɗanda suke tilasta wa magina su toshe hanyoyin da zafi yake sulalewa daga ɗakuna lokacin sanyi. Na biyu, a daidai wannan lokaci ƙasashen Sahel suna cikin matsanancin fari, dabbobi suna mutuwa, itatuwa suna bushewa, mata suna ƙara nisa cikin daji wajen neman itacen girki. Su matsalarsu tsare zafi a cikin ɗaki, mu tamu hana shi shiga, amma darasin ɗaya ne.

Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa gine-gine, watau gidaje da ofisoshi da makarantu, suna shan kimanin kashi 30 cikin 100 na makamashin da duniya take amfani da shi. Duk lokacin da aka ƙona fetur ko gas ko kwal, akan saki wata iska da ake kira iskar kabon. Lita ɗaya ta fetur takan fitar da kimanin kilo 2.3 na wannan iska. Idan ta taru a sama, sai ta zama kamar bargo, ta bar hasken rana ya shigo, amma ta hana wani sashe na zafin ƙasa komawa. Wannan shi ne asalin ɗumamar yanayi da ake ta magana a kai. A Nijeriya yawancin wutar lantarki daga ƙona gas ake samo ta, sauran kuma daga madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru. In an ɗauke wuta kuwa, sai janareto, wanda ƙaraminsa da ƙyar yake mayar da kashi 20 cikin 100 na ƙarfin man da ya sha ya zama lantarki. Sauran duk zafi ne da ƙara da hayaƙi.

Mai yiwuwa wani ya ce, ai Afirka duka ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da duniya take fitarwa daga man fetur da kwal da gas, don me za a ɗora mana nauyin gyaran ɓarnar da wasu suka yi? Wannan magana tana da ƙanshin gaskiya, kuma wakilan Afirka suna yin ta a tarurrukan duniya. Sai dai akwai amsa. Muhallin da makamashin gida ya fi taɓawa namu ne na kusa, watau dajin da ke bayan gari da iskar da ke cikin madafa. Bayan haka, garuruwanmu suna ta bunƙasa, gidajen da jikokinmu za su zauna a ciki yanzu ake aza harsashinsu, gidan da aka gina ba daidai ba kuwa zai yi shekara hamsin yana cin kuɗi. Har wa yau, a taron Gilasgo na 2021 Nijeriya ta yi alkawarin cewa zuwa shekarar 2060 iskar kabon da take fitarwa ba za ta wuce wadda take iya shanyewa ba. Alkawari irin wannan ba ya cika sai ya ratsa ta cikin gidaje.

3. Rufi Da Bango

Bari mu fara da ginin kansa, domin shi ne yake yanke hukuncin yawan wutar da gida zai sha tun kafin a sayi fanka ko ɗaya.

Da tsakar rana, in sama ta yi garau, kowace murabba'in mita ɗaya ta ƙasa takan karɓi zafin rana kimanin wat 1,000. Ɗakin da yake mita 4 a tsawo, mita 4 a faɗi, rufinsa yana karɓar wat 16,000 ke nan, watau kamar a jera dutsen guga na lantarki guda 16 a kansa a kunna. Ba duka ne yake shiga ɗaki ba, wani yana komawa sama, wani iska tana kwashewa. Yawan abin da zai shiga ya danganta da irin rufin. Kwano siriri ne, ƙarfe ne kuma, nan da nan yake ɗaukar zafi ya miƙa shi ƙasa. In ya tsufa ya yi tsatsa, ko kuma an zaɓi mai launin baƙi ko ruwan ƙasa kamar yadda ake yayi, sai shan zafinsa ya ƙaru. Saboda haka ne mutum kan shiga ɗakin kwano marar silin a watan Afrilu ya ji kamar an jefa shi cikin tanderu.

Magina na dauri sun san maganin wannan, ko da ba su san sunayen da masana kimiyya suka laƙaba masa ba. Bangon tubali mai kauri, da rufin soro na azara da laka, suna jinkirta tafiyar zafi. Zafin da ya faɗo da azahar ba ya kaiwa cikin ɗaki sai bayan awoyi masu yawa, sa'ad da rana ta faɗi. A ƙasa irin tamu, inda dare yake fin rana sanyi ƙwarai a mafi yawan watannin rani, wannan jinkiri babbar riba ce: ɗaki ya yi sanyi da rana, ya yi ɗumi a daren hunturu. Tagogi ƙanana ne, a sama suke, don su fitar da iska mai zafi su kuma rage ƙurar hunturu. Tsakar gida da rumfa da bishiya suna ba da wurin zama a inuwa. Lunguna matsattsu ne, katangar wannan tana inuwantar da ta wancan. Wanda ya shiga Gidan Makama a Kano, ko tsohon Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, zai ji bambancin a jikinsa tun daga bakin ƙofa.

Kada dai mu wuce gona da iri wajen yabo. Ginin ƙasa yana da nasa wahalhalu. Yana bukatar yaɓe a kai a kai, ruwan sama yana cin sa in ba a kula da indararo da makuba ko laso ba, giginyar da ake fafe azara daga jikinta ta yi ƙaranci. A tsakiyar bazara kuma, sa'ad da dare ma ba ya sanyi, bangon yakan amayo zafinsa cikin ɗaki, shi ya sa akan fito tsakar gida a kwana. Waɗannan dalilai, tare da ganin cewa siminti da kwano su ne alamar ci gaba, su suka sa jama'a suka juya masa baya. Abin tambaya shi ne, za a iya ɗaukar hikimarsa a bar wahalarsa?

Maƙwabtanmu sun nuna za a iya. A Jamhuriyar Nijar, tun daga 1980 aka fara koya wa magina yin rufin ƙasa mai siffar ƙubba ko baka wanda ba ya bukatar azara ko ɗaya, dabarar da aka aro daga Misira. A Yamai, wata maginiya 'yar ƙasar, Mariam Issoufou, ita da abokan aikinta sun kammala rukunin gidajen bene a 2016 da bulon ƙasa wanda aka matse da inji. A Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a ƙauyensu, Gando, a 2001. Ya yi bango da silin na ƙasa, sa'an nan ya ɗaga rufin kwano can sama a kan ƙarafa, ya bar sarari tsakaninsu. Kwanon ya zama laima ke nan, yana tare rana da ruwa, iska kuma tana ratsawa ta ƙarƙashinsa tana kwashe zafi. A 2022 aka ba shi lambar yabo ta Pritzker, wadda ita ce mafi girma a fannin zanen gine-gine. Kada kuma a manta, yin siminti shi kaɗai yana fitar da kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon ta duniya, don haka kowane buhu da aka rage riba ce.

To, wanda ya riga ya gina gidansa da bulo da kwano fa? Shi ma yana da abin yi, kuma ga su bi da bi, daga mai araha zuwa mai tsada:

(a) Ya shafa wa kwanon farin fenti. Fari yana mayar da mafi yawan hasken rana. A birnin Ahmadabad na Indiya, inda hukuma ta ɗauki wannan a matsayin maganin zafi ga gidajen talakawa, an ga zafin cikin ɗaki yana raguwa da digiri 2 zuwa 5. Sai dai a riƙa wanke ƙura bayan hunturu.

(b) Ya sa silin, ya kuma bar kafofi a ƙarƙashin kwano, masu raga, don iska mai zafi ta sami mafita. Silin da aka toshe samansa ruf, rumbun zafi ne.

(c) Ya inuwantar da bangon yamma da na gabas. A inda muke, rana kusan ta tsakar ka take wucewa, saboda haka ɗan baranda yana isa ya kare bangon kudu da na arewa. Amma hantsi da la'asar a kaikaice suke dukan bango, su shiga taga kai tsaye. Bishiyar darbejiya ko mangwaro a yammacin gida, ko rumfar zana, tana yin aikin da na'ura ba ta yi a kyauta.

(d) Ya riƙa buɗe tagogi da dare da asuba, ya rufe su in rana ta ɗaga, musamman in bangon mai kauri ne.

Mai sabon gini kuwa, ya gaya wa mai zane ya miƙar da gidan daga gabas zuwa yamma, dogayen bangaye da manyan tagogi su fuskanci kudu da arewa, tagogin kuma su kalli juna don iska ta ratsa. Wannan ba ya ƙara ko bulo ɗaya a kan kuɗin gini.

4. Murhu

Yanzu sai mu shiga madafa, inda a ganina batun ya fi nauyi, domin a nan ne ake maganar rai. A mafi yawan gidajen ƙasar Hausa, makamashin da ake ƙonawa wajen girki ya fi duk sauran in an haɗa su. Murhun duwatsu uku kuwa, duk da daɗewarsa da sauƙinsa, mai ɓarna ne. Gwaje-gwaje sun nuna cewa kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin itacen ne kaɗai yake shiga tukunya. Watau in mace ta sa itace goma a wuta, ɗaya ko ɗaya da rabi ne ya dafa tuwo, sauran sun ɗumama iska da duwatsu.

Dalilan ba su da wuyar ganewa. Iska tana kaɗa harshen wuta ta kowane gefe. Tukunya tana nesa da wuta, zafi yana shafar gindinta kawai ya wuce. Itacen kuma ba ya cinyewa sarai, domin hayaƙi ba kome ba ne illa makamashin da ya tsere bai ƙone ba. Ingantaccen murhu waɗannan abubuwa yake gyarawa. Yana killace wuta cikin ɗan ƙaramin ɗaki na laka ko na ƙarfe, yana shigar da iska ta ƙarƙashin itace, yana kuma rungumar tukunya yadda zafi zai bi jikinta ta wani matsattsen sarari kafin ya fita. Da wannan kaɗai akan rage kashi ɗaya bisa uku har zuwa rabin itacen da ake ƙonawa. A cikin shekarun 1980 an yaɗa wani murhun ƙarfe a Nijar mai suna Mai Sauƙi, a Kenya kuma aka ƙera murhun gawayi mai cikin yumɓu wanda ya bazu a ƙasashe da dama. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ita ma ta daɗe tana aiki a kan irin waɗannan murahu da na'urorin girki da hasken rana.

Game da gawayi, akwai abin lura. A cikin birni yana da tsabta, ba shi da hayaƙi sosai, amma ɓarnarsa a daji aka baro ta. Ta hanyar da aka saba toya shi, ana bukatar kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a sami kilo ɗaya na gawayi, kuma manyan itatuwa masu tauri irin su ƙirya ake sarewa, waɗanda sukan yi shekaru da yawa kafin su girma. Gaskiya ne share daji domin noma ya fi neman makamashi cinye dazuzzuka. Amma a kewayen manyan birane, motocin itace da na gawayi suna da babban hannu, kuma inda itatuwa suka ƙare, iska da ruwa sukan kwashe ƙasar noma. Manoman jihohin Maraɗi da Damagaram sun nuna cewa ana iya juya wannan al'amari. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 suka riƙa barin tohon kututture yana girma a gonakinsu suna yi masa sassabe, har aka farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin kadada miliyan 5. Murhun da yake cin rabin itace yana ba irin wannan aiki damar ya cim ma bukata.

Sai maganar lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a duniya, ta hanyar ciwon huhu da na zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Waɗanda suka fi shaƙarsa su ne mata da 'ya'yan da suke goye. A nan dole a faɗi gaskiya: ingantaccen murhun itace yana rage hayaƙi, amma gas da lantarki ne suke kawar da shi kusan gaba ɗaya. Wanda yake da hali ya koma gas. Ko da yake daga ƙasa ake haƙo shi, ya fi gawayin da aka sare daji dominsa sauƙin ɓarna. Wanda ba shi da hali ya gyara murhu, ya yi girki a sarari ko a madafa mai taga, ya kuma nisantar da yara.

Akwai kuma dabarun da ba su cin ko kwabo, waɗanda iyayenmu mata sun san da yawansu: a busar da itace kafin a sa shi a wuta, a faskara shi ƙanana, a rufe tukunya, a jiƙa wake tun dare, a janye itace da zarar tukunya ta tafasa, domin ruwan da yake tafasa ba ya ƙara zafi kome yawan wutar da aka zuga masa. Haka nan in shinkafa ko wake ya tafasa na ɗan lokaci, ana iya sauke tukunyar a naɗe ta da tsumma mai kauri a sa cikin kwando, ta ƙarasa nuna da zafin jikinta.

5. Fitila, Fanka Da Firiji

Mu koma kan kayan lantarki. Tsohon ƙwan fitila mai zare a ciki, fiye da kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ja zafi take zama. Ƙwan zamani da ake kira LED, wanda binciken da ya haifar da shi ya jawo wa masana uku 'yan asalin Japan lambar Nobel a 2014, yana ba da hasken ƙwai mai wat 60 da wat 9 kacal.

Bari mu yi ɗan lissafi. A ce gida yana da ƙwai 10 masu wat 60, ana kunna su awa 5 kullum. A wata zai sha yunit 90 a mita. In an canza su da masu wat 9, zai sha yunit 13 da rabi. An tsimi yunit 76 da rabi ke nan. A farashin naira 225 kowane yunit, wanda aka yanka wa masu samun wuta na rukunin farko a watan Afrilu na 2024, wannan ya haura naira 17,000 a wata. In kuma gida miliyan ɗaya suka yi haka, a daidai lokacin da fitilun duka suke kunne an sauke wa layin wuta nauyin megawat 510, alhali madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, an gina ta ne a kan megawat 760. Wannan ba mafarki ba ne. A 2007, sa'ad da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, gwamnatin Ghana ta raba ƙwayayen fitila marasa shan wuta guda miliyan 6 kyauta, ta karɓe tsofaffin, bukatar wuta a lokacin da ta fi yawa ta ragu da megawat 124.

Wajen sanyaya ɗaki, fankar sama tana jan kimanin wat 70, na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi kuwa tana jan fiye da wat 1,000, watau abincin fanka goma sha biyar. A nan ne maganar rufi take dawowa, domin ɗakin da aka kare daga rana fanka ta ishe shi a yawancin watanni. In an kunna na'urar kuma, a rufe ƙofa da taga, a riƙa wanke matatarta, a tsayar da ita a digiri 24 zuwa 26. Kowane digiri ɗaya da aka ɗaga yana rage kimanin kashi 6 cikin 100 na wutar da take sha. Mutumin da ya sa ta a digiri 16 sa'an nan ya ja bargo, ya biya kuɗin sanyi ya kuma nemi maganinsa.

Firiji shi ne na'urar da ba ta hutawa muddin akwai wuta. Tsohon firiji na gwanjo yakan sha ninki biyu ko fiye na abin da sabo mai inganci yake sha, shi ya sa Ghana ta hana shigo da su daga 2013. Mai saye ya duba takardar taurari da ake liƙawa a jikinsa, yawan taurari shi ne ƙarancin shan wuta. A ajiye shi nesa da murhu da rana, a bar sarari a bayansa, a duba robar ƙofa. Kada kuma mu raina randa. Ruwan da yake tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, bushewar kowace lita ɗaya kuwa tana ɗauke zafin da ya kai kashi biyu bisa uku na yunit ɗaya na lantarki. A kan wannan ne marigayi Muhammad Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani, wadda take tsare kayan lambu kwanaki da dama ba tare da wuta ba, har ta jawo masa lambar yabo ta Rolex a 2000.

6. Abubuwan Da Suke Hana Ruwa Gudu

In abin yana da riba haka, me ya sa bai game gari ba? A nan nake roƙon ma'aikatan gwamnati su ƙara kasa kunne, domin yawancin cikas ɗin daga tsari yake.

Na farko, rashin mita. Wanda ake kawo wa takardar kuɗin wuta ta ƙiyasi, ko ya kashe fitila ko ya bar ta, abin da zai biya ɗaya ne, don me zai wahalar da kansa? Na biyu, rabuwar mai gini da mai biya. Mai gidan haya shi zai kashe kuɗin silin da fenti, ɗan haya shi zai ci moriya, saboda haka ba wanda yake yi. Haka abin yake a gidajen gwamnati da ofisoshi da ɗakunan kwanan ɗalibai, inda akan tashi a bar fitila da na'urar sanyi suna aiki har wayewar gari, wai don kayan gwamnati ne. Na uku, kuɗin farko. Kaya mai inganci ya fi tsada ranar saye, ya fi araha a shekara, amma talaka da kuɗin yau yake ciniki. Wannan wuri ne da ƙungiyoyin adashi da na gama kai na ma'aikata za su iya shiga da bashi mai sauƙi. Na huɗu, jabun kaya, waɗanda sukan mutu cikin wata guda su ɓata wa na ƙwarai suna.

Akwai kuma wani tarko wanda wani masanin tattalin arziki na Ingila, William Stanley Jevons, ya yi nuni da shi tun 1865. Ya lura cewa da aka ƙera injuna masu tsimin kwal, sai amfani da kwal ya ƙaru, domin ya zama da araha. Haka mai gida zai iya canza ƙwai 10, ya ga kuɗi ya ragu, ya ƙara 30 a jikin katanga su kwana a kunne. Na'ura tana iya rage ɓarna, amma hali sai mai shi.

Doka kuwa akwai ta. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine, wadda ta yi magana a kan girman tagogi da inuwa da kare rufi da fitilu da na'urorin sanyi. Amma izinin gini a hannun hukumomin tsara birane na jihohi yake, ƙa'idar ba za ta yi aiki ba sai jiha ta ɗauke ta, jami'in da yake duba zane kuma ya san abin da yake nema.

7. Kammalawa

Jama'a, mun ga cewa makamashin gida yana tsiyayewa ta manyan kafofi uku, watau gini da murhu da kayan lantarki, kuma toshe su yana rage kashe kuɗi, yana rage sarar daji, yana kuma rage hayaƙin da iyali suke shaƙa da wanda yake hawa sama. Tsarin aikin ma a bayyane yake: a fara da abin da ba ya cin kuɗi, a bi da inuwa da fenti da silin da murhu, sa'an nan na'urori. Mai niyyar sa faifan hasken rana ma da nan ya kamata ya fara, domin gidan da ya rage shan wutarsa da rabi, rabin faifai da batir zai saya.

Ga ɗalibai, musamman na fannin gini da injiniya da kimiyya, akwai aikin bincike jingim a gabanku. Ku ɗauki ma'aunin zafi ku auna soro da ɗakin kwano a unguwa ɗaya, ku zauna da tsofaffin magina da maƙera da mata masu girki tun suna raye, ku rubuta abin da kuka samu da harshen da za su iya karantawa. Ga ma'aikata, duk wanda takardar kwangilar gina aji ko asibiti ko gidan ma'aikata ta biyo ta teburinsa, ya tambaya ina ginin ya fuskanta, wane irin rufi ne, nawa zai ci na wuta a shekara. Tambayar minti biyar ce, amma amsarta za ta bi ginin har tsufansa.

Iyakar abin da ya sawwaƙa ke nan.